Tamu Mai Gas da Ƙafar Yayansa

Duk wanda ya san Jega a zamanin da motocin garin ba su fi yatsun hannu ɗaya ba, ya san Tamu Mai Gas. Ƙanin mahaifina ne, mu 'ya'yan gidan Baffa muke ce masa. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, kuma ko ranar Idi ya fito cikin sabuwar riga, in ka matsa kusa da shi sai ka ji warin man mota. Ba shi da yawan magana. Wasu sun ɗauka girman kai ne, alhali kuwa nauyin baki ne kawai. Raina yana ɓaci idan na ji ana yi wa direbobin wancan zamani kuɗin goro, wai duk 'yan duniya ne masu mata a kowane zango. Baffana bai san hanyar ko'ina ba sai ta masallaci, ta gidansa da ta gindin motarsa.

Asalinmu Giwa Tazo ne, can ƙasar Maiyama. Iyayensu sun rasu shi da mahaifina Kalilu suna ƙanana, sai yayar ubansu, Gwaggo Tasalla, ta kwashe su ta riƙe. Allah bai ba ta haihuwa ba, saboda haka duk son da ke cikinta, da duk faɗan, a kansu ya ƙare. Mahaifina ya kama fartanya ya zauna. Shi kuwa Tamu ko kunya ɗaya bai iya ja ta miƙe ba. Da ya tasa, sai ya bi 'yan cin rani zuwa Gusau, lokacin jirgin ƙasa bai daɗe da isa can ba. Ya yi dako, ya wanke motoci, ya zama karen mota wurin wani direba mutumin Ikko, har ya koyi tuƙi da gyara. Ya dawo gida da lasin a aljihu, da tabon ƙuna a hannun dama.

'Yan shekaru kafin yaƙin Hitila, wani attajirin Jega mai suna Maiwada, mai fataucin fatu da goro, ya sayo babbar mota wadda ba ta shan fetur sai man gas. Ba a taɓa ganin irinta a wajen nan ba, kuma ba wanda ya san kanta sai Tamu. Daga nan sunan ya bi shi. Ya sha gaya mana cewa motar gas tana da ƙarfi, tana da haƙuri, ba ta da ci, amma abu biyu ne ba ta yafewa: ruwa da iska. Ruwa ya shiga man, ta tsaya. Iska ta shiga bututun man, ta tsaya, kuma ko ka kwana kana roƙonta ba za ta tashi ba sai ka fitar da iskar nan da hannunka. Shi ya sa ba ya zuba mai sai durom ya kwana ya kwanta, ba ya zubawa sai ta cikin ƙyalle, kuma ba ya bari kowa ya taɓa murfin tankin.

Gwaggo ba ta taɓa yarda da motar ba. In ya zo Giwa Tazo ɗaukar hatsi, sai ta tsaya nesa ta riƙe ƙugu tana kallon yadda yake ɗura mata mai ta wani baki da ke gefenta.

"Abin da bai da rai," in ji ta, "shina gudu, shina kuka, shina shan abinci ta haƙarƙari, kuma ka ce min ba komi cikinai?"

"Ƙarhe na, Gwaggo."

"Ƙarhen hwartanya mi ya hana shi kuka?"

Sai ya yi murmushi ya ci gaba da aikinsa.

Abin da zan ba da labari ya faru kafin a haife ni, amma na ji shi daga bakin mutum uku, kuma in ban da wajen wanda ya fi wani tsorata, ba su saɓa ba. Kaka ce, an yanke gero ana zubawa a rumbu. Mahaifina na bisa bakin babban rumbun ƙasa yana karɓar dammuna, sai tsanin ya zame. Ya faɗo da dukan nauyinsa a kan ƙafar hagu, cinyar ta karye, har na bayan gida suka ji ƙarar. Aka ɗaure ta da kara da tsumma kamar yadda aka saba. Ya kwana a haka. Da gari ya waye cinyar ta kumbura ta yi suntum, tafin ƙafar kuma ya fara sanyi, ya yi wani fari-fari da ba a so.

Kowa ya san inda ake kai irin wannan karaya. Aliero ce, garin albasa da ɗori. Amma a wancan lokaci ɗaukar mutum ake yi a kan gadon kara, ana tafe ana hutawa, kuma da yawa kafin su isa ƙafar ta riga ta mutu. In ta mutu kuwa, sai asibitin Nasara, inda mutanenmu suka yi imani ba abin da ke jiran mutum sai zarto. Mahaifina na da mata da ɗa ƙarami da gona, ba shi da wata sana'a sai noma. Ya ce wa abokinsa Sabo, wanda ya kwana riƙe da shi, "In ta kai ga yanka, ku bar ni in mutu da ƙahwata."

Da hantsi sai ga ƙugin mota. Tamu ne ya zo ɗaukar buhunan geron Maiwada, bai san abin da ake ciki ba. Ya shiga ɗaki, ya taɓa tafin ƙafar yayansa, ya fito. Ya sa aka shimfiɗa ƙaiƙayi da tabarmi a bayan motar. Karen motarsa ya riga ya wuce wani ƙauye tara buhuna, bai tsaya jiransa ba. Ana cikin haka Gwaggo ta dawo daga gidan malam da gora cike da rubutu. Ta ba mahaifina ya sha, ta shafa masa a goshi da cinya. Maza suka taru suka ɗauko shi a hankali, hankalin kowa na kan ƙafar, aka kwantar da shi, Sabo ya zauna ya rungume cinyar don kada ta motsa. Sai ga Gwaggo ta zagayo daga gefen mota ta ce ita ma da ita za a je. Matar da ko inuwar motar ba ta yarda ta taka ba, ran nan ta hau gaba ta zauna, ta runtse ido.

Suka kama hanya. Tamu na tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwai, yana kauce wa kowane rami. Suka wuce Maiyama lafiya, suka miƙi hanyar Jega. Rana ta take tsaka, sun yi nisa cikin daji, sai injin ya yi tari. Ya sake yi. Farin hayaƙi ya turnuƙe a baya, ƙarfin motar ya zube, ta yi 'yar tafiya da kanta, ta tsaya cik.

Tsoro ya sa ya yi abin da ya san bai kamata ba. Ya danna sitata, injin ya juya bai kama ba. Ya ƙara dannawa, ya daɗe a kai, har ya ji muryar batir ta fara ja. Sannan ya cire hannunsa. Babu gida a kusa, babu wata mota da za a sa ran ta biyo, don a lokacin sai a yini ba a ga ko ɗaya ba. Daga baya Sabo ya leƙo ya ce, "Tamu, ƙahwag ga tana ƙara sanyi." Tamu ya ce ya ji.

Ya buɗe murfin inji. A gefen injin akwai wani ɗan kofin gilashi wanda man ke bi ta cikinsa kafin ya wuce, don datti ya kwanta a gani. Man gas launin ruwan zuma gare shi. Abin da ya gani a kofin baƙi ne ƙirin, man na yawo a samansa. Ya kwance kofin, ya tsoma yatsa, ya murza, ya ji yana ɗan danƙo. Ya shinshina. Ya ɗanɗana da harshe. Duk wanda ya taɓa zama gaban allo ya san wannan ɗanɗano, na tawadar da aka dafa da gawayi da ƙaro. Ya ɗago kai a hankali ya dubi Gwaggo, wadda ta sauko tana tsaye a inuwar ƙofa. Gorar na hannunta, kuma daga yadda take lilo ya san babu komai a ciki.

"Gwaggo, ina sauran rubutun?"

"Na ba ta."

"Kin ba wa?"

"Motar mana. Sa'ad da kuka ɗaukar Kalilu. Doki in za shi tahiya mai nisa ba a ba shi? Ita da za ta ɗauki ɗana cikin dajin ga, sai in bar ta hakanan ba tsari? Ta bakin da kaka ba ta abinci nib ba ta, ban zubar da ko ɗigo ba."

Ta faɗi haka ne da alfahari. Ni da nake jikarta, mai damar tsokanarta, na sha tambayarta ko a ina ta taɓa ganin ƙarfe ya yi alwala balle ya sha rubutu. Amma Tamu ɗa ne, ba jika ba. Ya ce ransa ya yi baƙi har ya daina gani sosai. Tun da aka haife shi bai taɓa ɗaga mata murya ba, ran nan kuwa saura ƙiris ya ɗaga. Ya ajiye kofin, ya zagaya bayan mota ya dafa katako yana huci. Mahaifina, da ya ji komai daga inda yake kwance, ya kira shi da 'yar muryar da ta rage masa.

"Tamu."

"Na'am, Yaya."

"Tana gyaruwa?"

"Tana gyaruwa."

"To gyara. Ka bar Gwaggo."

Ya koma ya jawo akwatin kayan aiki. Ruwa ya fi man gas nauyi, ƙasan tanki yake kwanciya, girgizar hanya ce ta taso da shi har famfo ya zuƙa. Saboda haka sai an fara daga tankin. Ya kwanta a ƙasa da sifana zai kwance notin da ke gindin tanki ya bar ruwan ya zube. Sai ya ji an riƙe masa ƙafa.

"Mi za ka yi?"

"Zan hidda ruwan, Gwaggo. Shi ya kashe ta."

Ya ce a nan ne ya ga fuskarta ta sauya, don sai a lokacin ta gane abin da hannunta ya yi. Amma ba ta saki ƙafar ba.

"Ko shi ya kashe ta, ba ka zubar da sunan Allah bisa turba, inda jakkai ka takawa."

Wannan kam gaskiyarta ce, shi ma ya sani, gaggawa ce ta rufe masa ido. Ta kwance ƙwaryar da ta ƙullo guzuri a ciki, ta juye guzurin a gefen zanenta, ta durƙusa ta tara. Ya sassauta notin. Baƙin ruwa ya zubo, ya yi ta zuba, sannan ya fara haɗuwa da mai, sannan man ya zo shi kaɗai garau. Ya ɗaure notin. Ta ɗauke ƙwaryar da hannu biyu ta kai gindin wata kalgo ta ajiye, ta rufe da faifai.

Ya wanke kofin gilashin da mai mai tsabta ya mayar. Saura babbar filta, wani gwangwanin ƙarfe da ke ɗaure a jikin injin, mai ƙyalle mai kauri naɗe a kan raga a cikinsa, wanda shi ke tace man kafin ya shiga famfon inji. Da ya buɗe ya zaro, ƙyallen ya yi baƙi, ƙaro ya like idanunsa, ko an hura ba ya wucewa. Da ruwa ne zalla da ya wanke ya mayar, amma wannan ya gama aiki. Allah ya taimaka yana da sabo guda, wanda ya daɗe yana ɓoyo a ƙasan akwati cikin takarda mai maiƙo, yana hana kansa amfani da shi saboda ba a samu sai Gusau. Ya goge cikin gwangwanin tas, ya sa sabon, ya cika gwangwanin da mai har baki don ya rage wa kansa aiki, ya daidaita zoben da ke hana yoyo, ya ɗaure. Tsohon ƙyallen bai jefar ba. Ya miƙa wa Gwaggo, ta sa a cikin ƙwaryar.

Yanzu man ya tsarkaka, amma duk inda ya buɗe iska ta shiga. A jikin ƙaramin famfon da ke jawo mai daga tanki akwai wani ɗan hannu kamar babban yatsa, wanda ake dannawa a tura man da hannu. A saman filta kuma akwai ɗan noti da ake sassautawa iskar ta fita. Aikin mutum biyu ne, ɗaya na dannawa ɗaya na kan noti, don in ba a ɗaure a daidai lokacin ba iskar komawa take yi. Sabo ba zai iya sakin cinyar ba. Tamu ya dubi hagu ya dubi dama, babu kowa sai Gwaggo.

"Gwaggo, taho ki kama min."

"Ni? In taɓa cikinta?"

"Ba ni da wani."

Ta yi bisimilla, ta ɗaure zanenta tamau, ta taka ƙarfen gaba ta miƙa hannu cikin injin da ke da sauran zafi. Ya ɗora yatsanta a kan ɗan hannun ya nuna mata. Ta danna, ta danna, ta ce, "Wanga abu ba ya da nauyi, kamar ina daka iska cikin turmi." Ya gane inda injin ya tsaya ne ya hana famfon kamawa. Ya ɗauko handal, ƙarfen murɗa inji da hannu, ya zura a gaba, ya juya injin kaɗan. Ta sake dannawa, ta ce, "Yauwa, yanzu na ji shi."

Ya sassauta notin. Da fari ba abin da ya fito sai wani ɗan huci. Sannan kumfa ta fara tsattsafowa, fara, tana tafasa tana fashewa. Ya ce ta ci gaba. Hannun da ya shekara yana niƙa da daka bai san gajiya ba, ta kama wani kiɗa nata tana dannawa tana salati. Kumfar ta yi ta zuwa har ya fara zargin ko zoben bai zauna ba, iska na shiga ta wani wuri. Zufa na zuba masa a ido. Daga bayan mota ba ya jin nishin yayansa, kuma shirun ya fi nishin tayar masa da hankali. Can sai kumfar ta rage, ta zama 'yan ƙwayoyi, sannan mai ya ɓulɓulo sumul ba ko ɗigon iska.

"Danna ki riƙe, kak ki saki!"

Ta riƙe, ya ɗaure. Suka koma kan notin da ke jikin babban famfo suka yi haka nan, shi ma ya yi kumfarsa ya gama. Saura siraran bututan da ke kai mai kan injin, su kuwa hannu ba ya iya tura su, sai injin ya juya. Ya sassauta notinsu, ya shiga ya danna sitata da ɗan ƙarfin da ya rage wa batir. Injin ya juya da ƙyar. Gwaggo, da ya sa ta tsaya tana kallo, ta yi ihu, "Suna tohi! Suna tohi!" Ya fito da gudu ya ɗaure su. Ya koma ya danna. Batir ya yi ƙas, ya yi shiru.

Ya ce a duk ranar, nan ne kaɗai ya fid da rai. Mota ta gyaru, mai ya kai inda ake so, amma ba abin da zai juya ta, kuma handal ba ya tayar da injin gas mai wannan girma da hannun mutum ɗaya. Yana tsaye haka sai ya ji kukan shanu. Fulani ne ke gangarowa da garke za su mashaya, wani dattijo mai suna Hamma a gaba, da 'yan'uwansa maza a baya. Gwaggo ba ta jira Tamu ya nemo kalmomi ba. Ta tare su da Fillancinta na kasuwar nono, ta nuna musu wanda ke kwance. Hamma ya leƙa ya ga cinyar, ya girgiza kai, ya kira mutanensa. Da ta gaya masa abin da ke cikin ƙwaryar, ya karɓa da hannu biyu, ya shiga daji nesa da turba, ya haƙa rami da gatarinsa ya binne ruwan da ƙyallen.

Hanyar na da ɗan gangare a gaba. Sai dai tayar da mota da turi fizga gare shi, kuma fizgar a cinyar mahaifina za ta ƙare. Tamu ya hau baya ya gaya masa gaskiya. Mahaifina ya ce a ba shi bakin rawanin Sabo ya ciza. Sabo ya kwanta a kan ƙafar da ƙirjinsa. Fulani suka jingine sandunansu suka sa kafaɗa. Motar ta motsa, ta fara gangarawa, ta ɗan yi gudu. Tamu ya sa giya ta biyu, ya ce ya Allahu, ya saki kuloci. Motar ta yi tsalle, mahaifina ya yi wata ƙara ta cikin rawanin wadda Tamu ya ce har ya mutu ba zai manta ba. Injin ya yi gum, gum, ya yi kamar zai fasa, sannan ya kama da ruri, baƙin hayaƙi ya tashi, shanun Hamma suka watse cikin daji.

Bai iya tsayawa ya yi godiya yadda ya kamata ba, hannu kawai ya ɗaga. Gwaggo ce ta leƙa ta taga tana zuba musu albarka har suka ɓace. Suka ratsa Jega ba su tsaya ba, mutanen Maiwada na ɗaga hannu suna mamakin ganin mota ba kaya. Tun daga nan har gonakin albasar Aliero kunnensa na kan injin, ko sau ɗaya bai sake tari ba. Gwaggo kuwa duk tsawon hanyar tana ta kallon hannunta da ya yi baƙi da mai.

La'asar ta yi sanyi suka tsaya a ƙofar gidan wani tsohon maɗori, Malam Ummaru. Tamu bai kashe motar ba. In tsohon ya ce ƙafa ta mutu, to sai a wuce asibiti ko mahaifina na so ko ba ya so, kuma ba batir da zai sake tayar da ita. Aka shigar da shi zaure, motar na ruri a waje. Malam Ummaru ya kwance tsummokaran ba gaggawa, ya yi tsaki da ya ga yadda aka matse ɗaurin. Ya shafa cinyar, ya gangara har tafin ƙafa, ya riƙe shi cikin hannuwansa ya daɗe. Sannan ya sa farce ya danna ƙarƙashin babban yatsa da ƙarfi.

"Wayyo!" in ji mahaifina.

Tsohon ya yi dariya. "Madalla da wanga wayyo. Ƙahwa tana da rai. Da kun bari ta ƙara kwana cikin ɗaurin ga, da wata magana muka yi." Ya dubi Tamu. "Kai, tahi ka kashe abin can naka, ya hana ni jin ƙashi. Ba inda za ku."

Tamu ya fita ya kashe injin. Ya zauna a kan matakin motar, ya sa kai cikin gwiwa, ya yi kuka irin na babban mutum, wanda ba ya da sauti sai kafaɗa ke rawa. Gwaggo ta fito ta tsaya a kansa. Ya jira ta yi faɗa, ko ta ba da haƙuri, don ba wanda ya san wanne zai fito daga bakinta. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta sa bakin zanenta ta goge masa man da ke goshinsa, kamar yadda take yi musu suna yara in sun dawo daga wasa.

Tamu ya ci gaba da sana'ar tuƙi shekaru har idonsa ya raunana, sannan ya zauna a bakin tashar Jega yana koya wa masu tasowa yadda ake fitar wa mota iska. A can ya rasu, a can aka binne shi. Mako guda bayan waccan tafiyar ya sayi kwaɗo ya sa wa murfin tanki, Gwaggo kuwa ta yi fushi da kwaɗon nan har ƙarshen ranta. Ta tsaya a kan cewa rubutu bai yi laifi ba, motar ce ba ta da tarbiyya.

Mahaifina ya yi watanni a Aliero, ya dawo da sanda, daga baya ya yar da ita. Ɗan ɗingishi ya rage masa, wanda ba ka lura sai ya gaji. Ya noma gonarsa shekaru masu yawa, ya hau rumbu ya sauka, ko da yake innata ba ta sake yarda ya hau ba sai wani na riƙe da tsani. Ni ce 'yar autarsa. In ya dawo daga gona da yamma ya zauna a ƙofar ɗaki, sai ya miƙe ƙafar hagun ya ce in zo. A kan wannan cinyar na koyi cin tuwo da hannuna, kuma in na danna da yatsa ina jin ɗan tudun da ƙashin ya haɗe.